Amsa: Tsohon ofishin kamfani zai iya zama zauren taron gari?

Malam, ka yi tambaya kan tsohon ginin kamfanin sayen gyaɗa da ke unguwarku, ko a rushe shi ko a mayar da shi zauren taro. Ni dai ina bayan a bar shi.

Ga misali nan cikin Katsina. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, makarantar ta koma Kaduna a 1938, amma ginin ƙasar na nan, yau gidan tarihi ne. Da an rushe shi, me za mu nuna wa yaranmu?

Irin waɗannan ofisoshi kuwa, na kamfanoni kamar UAC, wanda aka kafa a 1929, da John Holt, galibi suna da bango mai kauri da baranda, ga babban ɗakin awo da zai ɗauki jama'a.

Sai dai ku fara da takardu. Dokar filaye ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, don haka ku binciki wanda ke riƙe da shaidar mallaka kafin ku tara ko sisi. Nan ne rigima ke ɓullowa, musamman in akwai magada. Bayan haka ku kira magini ya duba gara a katakon rufi da damshi a gindin bango. Ku sanar da mai unguwa da hakimi tun yanzu.