Amsa ga ɗan ƙanena kan sassaƙa jigo da sauran injinan ɗaga ruwa na da

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma tambayar ta yi mini daɗi. Ka ce kana son ka haɗa jigo da hannunka, da gatari da gizago da kurfi, in ya yi kyau ka gwada manyansa, amma dokokin masassaƙan da sun ɗaure maka kai: ban da ƙusar ƙarfe, ban da huda sandar jigo, itacen ƙusa a tsaga shi kada a yanka da zarto, tulu kuma a bar masa huji a gindi. Kana tambaya ko al'ada ce kawai da za ka iya tsallakewa. Mafi yawansu kam ba za ka tsallake ba, domin halin itace in ya haɗu da ruwa ne ya kafa su.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne itace ba ya zama wuri ɗaya. In ya sha ruwa ya kumbura, in ya bushe ya motse, kuma ba daidai yake motsewa ta ko'ina ba. Ta tsawo kusan ba ya raguwa. Ta faɗi kuwa, daga ɗanye zuwa busasshe ƙayau, itatuwa da yawa kan ragu da kusan kashi 8 cikin 100 ta gefen da ke bin zoben gungume, da kamar rabin haka daga tsakiya zuwa ɓawo. Ƙusar ƙarfe ba ta wannan motsi. Yau itacen ya matse ta, gobe ya sake ta, har ramin ya yi faɗi ta riƙa rawa a ciki. Ga tsatsa kuma. Itatuwa masu ƙarfi irin su gabaruwa, wadda Misirawa suka daɗe suna yin haƙoran wili da ita, suna ɗauke da sinadarin nan da ake jima da shi. In ya gamu da ƙarfe da laima sai wurin ya yi baƙi, ƙusar ta cinye, naman itacen da ke kewaye da ita ya rududduge. Ƙusar itace kuwa tare take kumbura da abin da ta riƙe, ruwa ma ƙara mata kamu yake yi.

Ga yadda ake yinta. Ka samu guntun itace mai tauri wanda jijiyarsa ta miƙe, ba gaɓa, ka tsaga shi da gatari. Tsaga tana bin jijiya, shi ya sa ƙusar kan fito da zare ɗaya daga kai har gindi. Zarto ba ruwansa da jijiya, ratsa ta yake yi, kuma nan ƙusar za ta karye ranar da nauyi ya hau ta. Ka fere ta zuwa kaurin santimita 1.5 ko 2, ka ɗan tsinanta kan, ka busar da ita har ta fi itacen da za ta shiga bushewa. Wajen haɗi, ka fere harshe a kan itace ɗaya, kaurinsa kashi ɗaya cikin uku na kaurin itacen, ka fafe ramin da zai shiga a ɗayan. Ka fara huda mai ramin shi kaɗai. Sai ka sa harshen, ka yi masa alama ta cikin hujin, ka zare shi, ka huda shi milimita 2 zuwa 3 daga alamar, ta wajen kafaɗa, wato gindin harshen inda itacen ya koma cikakken kaurinsa. Da ka buga ƙusar, wannan ɗan saɓani zai jawo kafaɗar ta manne. In ka wuce milimita 3 harshen zai tsage, ko ƙusar ta karye a ciki ba ka sani ba.

Batun sare itace a lokacin sanyi yana da dalili: ƙwari ba su da yawa, itacen kuma yana bushewa a hankali, ba ya tsattsagewa. Ka ɓare shi, ka shafe bakin yankan biyu da kwalta ko kakin zuma, ka jera shi a inuwa a ɗage daga ƙasa. Farin naman da ke bin ɓawo ka sassaƙe shi, shi gara da ruɓa ke fara ci. Tsakiyar mai duhu ita ce ta aiki. Amma zancen sai wata ya fara raguwa za a sara, wanda ko marubutan Rum na da sun faɗa, kada ka ɗora aikinka a kansa.

To, jigo. Shi ne babba a shekaru. Akwai zanensa a kabarin Ipuy da ke Dair al-Madina kusa da Luksor, tun zamanin Fir'auna Ramsis na Biyu, sama da shekara 3,000 ke nan, kuma fasalinsa bai sauya ba. Ka kafa gwafa biyu masu kaurin santimita 12 zuwa 15, tsawon mita 2.7, ka binne santimita 70, tsakaninsu mita ɗaya. Ka babbaka gindinsu har ya ɗan haura inda ƙasa za ta tsaya, domin a daidai bakin ƙasa turke ke ruɓa, inda laima da iska suka haɗu. Ka gitta sanda mai kaurin santimita 10 a kansu. Sandar jigo kuma mita 4, miƙaƙƙiya, ka rataye ta a mita ɗaya daga gindinta mai kauri, ya zama mita 3 gaba, mita ɗaya baya.

Nan dokar hana huji ta shigo. Duk tsawon sandar babu inda ke shan wahala kamar marataya, guga na ja ta gaba, nauyi na ja ta baya. In ka huda nan ka rage mata nama a daidai inda ta fi bukatarsa, kuma nan za ta ɓalle. Ka rataye ta da gajeriyar igiya mai kauri ko fata, ko ka ɗaura mata guntun itace a ƙasa ka huda shi a madadinta.

Lissafin nauyin baya ba wuya. Guga mai lita 15 in ya cika kilo 15 ne, ka ƙara kilo 2 na gugan da sandarsa, 17. Gaba ya ninka baya sau uku, don haka 51. Ka ƙara 'yan kilo saboda rinjayen sandar kanta, za ka tsaya tsakanin 55 da 60. Da dutse ko curin laka ake yi, kuma laka ta fi daɗin sha'ani don ana ƙara ta ana rage ta har a dace. Abin da ake nema shi ne cikakken guga ya tashi da ɗan taimakon hannu. Ƙarfin mai ban ruwa a janyo gugan da ba komai ƙasa yake tafiya, kuma da nauyin jikinsa yake ja, shi ya sa ake wuni ana yi baya bai ƙage ba. In nauyin ya yi kaɗan, ɗaga ruwa za ka koma yi da ƙugu. In ya yi yawa, gugan ya fizge ya watsar da rabin ruwan. Ka rataye gugan da siririyar sanda ta mita 3 maimakon igiya zalla, don ka iya danna shi ya nutse. Da wannan awo kan jigon zai yi sama da ƙasa kamar mita 3, ka ɗebo ruwan da ke mita 2.5 ƙasa da inda kake tsaye. In gaɓar ta fi haka tsawo, kada ka ƙara wa sanda tsawo. A da, masu noma a bakin Nilu jigo biyu ko uku suke jerawa hawa-hawa, na ƙasa ya zuba a rami, na sama ya ɗauka daga nan.

Bayan jigo sai sukurun Arkimidis, wanda Misirawa ke kira tambur, wato bututu mai murɗaɗɗen ciki da ake jinginawa a ruwa, a juya shi ya hau da ruwan sama. Wannan mun yi sa'a, don Bitrubiyus, maginin Rum na ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta awonsa dalla-dalla. Tsawon gungumen tsakiya ya ninka kaurinsa sau 16, wato in tsawo mita 3.2 ne, kauri santimita 20. Ka fere shi ya zama zagayayye sumul, kauri ɗaya daga kai zuwa kai. Ka raba kewayensa gida 8, kowane gida kusan santimita 8, ka ja layuka takwas a tsawo. Sai ka ja zobba a gicciye, tazararsu daidai da wancan gida, jikin gungumen ya cika da ƙananan murabba'i. Ka ɗauki siririyar tsumagiya mai lanƙwasuwa, ka tsoma ta a kwalta, ka kafa ta a kusurwar farko, ka bi da ita a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. In ta ratsa gida takwas ta zagaye gungumen sau ɗaya ke nan. Haka za ka yi daga kowane layi, ka yi ta ɗora tsumagiya kan tsumagiya har kaurin duka ya kai kashi ɗaya cikin takwas na tsawo, santimita 40 a misalinmu. Cikinsa zai fito a murɗe kamar na katantanwa. Sannan ka rufe da katakai, ka shafe da kwalta, ka ɗaure. A nan su ma sun sa ƙarfe, ɗamara a waje da tsini a kai biyu inda yake juyawa. Ba ƙin ƙarfe suke yi ba, sun ajiye shi ne inda ido ke ganinsa, ake iya cire shi a sake.

Jinginarsa ma da awo: ka raba tsawon gida 5, ka ɗaga kan sama gida 3, ƙasan ya zama gida 4. Na mita 3.2 zai ɗaga ruwa ƙasa kaɗan da mita 2. In ka miƙe shi fiye da haka aljihunan ciki su ƙanƙance, ruwa ya koma baya. Bakin ƙasa kuma kada ya nutse duka. Kamar rabinsa ya shiga ruwa, ya riƙa haɗiyar ruwa da iska bi da bi. Inda ake yawan faɗuwa shi ne katakan rufi: in aka sa su ɗanyu, da sun bushe sai su buɗe baki tsakaninsu da tsumagiya, ka yi ta juyi ruwa na silalewa daga aljihu zuwa aljihu.

Sakiya ta fi su neman haƙuri. Sa ko raƙumi ke zagayawa, an rufe masa ido, yana juya wili na kwance mai haƙora, shi kuma ya juya na tsaye, wanda ke jan igiya biyu da tuluna a ɗaure a jere. Ransa duka yana ga haƙoran. Tazarar haƙori da haƙori dole ta zama ɗaya a wili biyun. In ka zaɓi santimita 12, wili mai haƙora 36 kewayensa santimita 432 ne, faɗinsa kusan 137, mai 25 kuma kewaye 300, faɗi kusan 95. Ka yi ɗan sanda mai tsini biyu a wannan tazara, ka taka kewayen da shi har ƙarshe ya faɗo kan farko kafin ka huda ko rami ɗaya. Na zaɓi 36 da 25 da gangan, don babu lambar da ke raba su duka biyu, saboda haka kowane haƙori sai ya gaisa da duk na ɗaya wilin, su cinye daidai. In ka sa 36 da 24, haƙora 'yan kaɗan ne za su yi ta karo da juna, kuma mai aibi ɗaya ya isa ya lalata abokansa. Kowane haƙori a raminsa yake, da weji a baya, wato ɗan itace mai tsini da ake bugawa ya matse shi, don in ya karye a fitar da shi shi kaɗai. Kada ka manta da ɗan itacen da ke faɗawa tsakanin haƙora ya hana wili komawa baya. In babu shi, da dabbar ta tsaya nauyin cikakkun tuluna zai juya komai baya, sandar jan ta bugi ƙafafunta.

Hujin gindin tulu da ya ba ka mamaki, ai tulun a kife yake sauka. In iskar cikinsa ba ta da mafita, ba zai cika ba, sai ya yi ta turjiya yana karkata igiya. Ɗan huji kamar kaurin fensir ya isa iska ta fita. Abin da ke ɗiga a hanya tulun da ke biye ne ke tare mafi yawansa, in aka tsaya kuma tuluna su tsiyaye, igiya ta huta.

Noriya, wilin da kogi da kansa ke juyawa ta filafilai, ba aikin mutum ɗaya ba ne, ka bar shi sai ka samu abokan aiki. A Hama ta ƙasar Siriya, a kan kogin Asi, babbar cikinsu, Muhammadiyya, ta shekarar 1361 ce, faɗinta kusan mita 21. Abin da za ka ɗauka daga irin wannan wili biyu ne. Hannuwansa rungumar gungumen tsakiya suke yi ta gefe huɗu ba tare da an fafe shi ba, a cike tsakani da weji, kuma da wejin ake daidaita wilin har ya daina layi. Na biyu, ba a barin wili tsaye wata da watanni rabi a ruwa rabi a rana. Ƙasan zai yi nauyi, saman ya bushe ya saki haɗinsa, wilin ya karkace. Itacen da ke cikin ruwa kullum ba ya ruɓa don iska ba ta kai masa. Wasu wilolin da Rumawa suka kwashe ruwa da su a ma'adinan Riyo Tinto na Sifen ma sun kai zamaninmu, har ragowar ɗaya na gidan tarihi a Landan. Jiƙa da bushewa bi da bi ke kashe itace. In ruwa ya ja baya, ka riƙa juya wilin da hannu duk 'yan kwanaki kana watsa masa ruwa.

Ka fara da jigon. Kafin ka taɓa itacen kirki, ka yi haɗin harshe da rami a guntaye, ka jefa a ruwa mako guda, ka fitar ka shanya mako guda, ka ga ko kafaɗar ta buɗe. In ta buɗe, ko ƙusar ba ta bushe sosai ba ko saɓanin hujin ya yi kaɗan. Marataya da duk inda itace ke gogar itace ka riƙa shafa musu kitse, ka kuma duba igiyar marataya kowace safiya kafin ka tsaya ƙarƙashin nauyin nan na kilo 60. In ka auna zurfin ruwan da tsawon gaɓar, ka aiko mini mu daidaita tsawon sandar. Ka gaishe da mahaifinka da sauran mutanen gida.