Ƙanena, ka gyara haƙorinka tun kana Argungu kafin ka taho Ingila

Salam ƙanena, na ga saƙonka, Allah shi sanya albarka ga wanga karatu da ka samu, Allah shi sa a gama lafiya. Ka ce tunda cikin kuɗin biza an caje ka kuɗin lafiya, kuma ka ji an ce asibiti kyauta ne a Ingila, ko ka bar turmin haƙorin nan da ke maka ciwo in ka sha ruwan sanyi har ka iso a gyara maka a nan. Na ce bari in amsa maka a fili inda wasu ma za su gani, don ba kai kaɗai ke da wanga tunani ba, yaran mu da yawa daga Birnin Kebbi da Jega da Yawuri haka suke tahowa da shi.

Amsa ita ce a'a, kada ka bari, dan Allah ka je a duba maka shi tun yanzu. Kuɗin da ka biya, fam 776 na kowace shekara ga ɗalibi tun daga Fabrairun 2024, gaskiya ne ya buɗe maka ƙofar NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnatin nan, za ka yi rajista da likitan unguwa wanda suke cewa GP ka gan shi ba ko sisi, in ciwo ya kai ka ga kwanciya asibiti ma ba wanda zai kawo maka takardar biya. Amma haƙori daban yake. Haƙori ko ɗan ƙasa da aka haifa nan biya yake yi in dai babba ne mai aiki, kuma wanga ba sabon abu ba ne, an kafa NHS a 1948, zuwa 1951 har an fara karɓar kuɗi kan haƙoran roba da gilashin ido, abin da ya sa Aneurin Bevan, mutumin da ya kafa tsarin da kanshi, ya ajiye muƙaminshi na minista. To ka ga tun farko haƙori a bakin ƙofa aka bar shi.

Farashin gwamnati a Ingila kashi uku ne. A farashin Afrilun 2025, dubawa da hoton haƙori da ɗan wanki in likita ya ga akwai buƙata fam 27.40, ciko ko cirewa ko kashe jijiya fam 75.30, in kuma abin ya kai ga sa wa haƙori hula ko yin na roba fam 326.70, kuma kusan duk shekara sai an ɗan ƙara. In ka kalli wanga farashi za ka ce ai da sauƙi, kuma wallahi da sauƙin in aka kwatanta da na kuɗi. Matsalar ba farashin ba ce, matsalar ka samu likitan da zai karɓe ka a wannan farashin.

Nan ne abin ke ci mini rai, kuma nan ne nake son ka natsu. Asibitocin haƙori na nan mafi yawansu ba na gwamnati ba ne, shaguna ne na likitoci ko na kamfani da suka ƙulla kwangila da NHS, kuma shago ɗaya yana ganin mutum iri biyu, mai zuwa ta hanyar gwamnati da mai biya daga aljihu. Kujera ɗaya, likita ɗaya, fitila ɗaya. Sai ka buga waya ka ce kana son a duba ka a matsayin mara lafiyan NHS, matar da ke kan tebur ta ce maka yi haƙuri ba ma ɗaukar sababbi, jerin jira ma mun rufe, kafin ka ajiye waya ta ƙara da cewa amma in za ka biya da kanka akwai wuri jibi da safe. Ni da kaina an faɗa mini haka ba sau ɗaya ba a garin da nake, kuma ba wai don ni baƙo ne ba, Turawan da muke aiki tare haka suke fama, akwai dattijuwar da ta gaya mini ta shekara da shekaru ba wanda ya leƙa bakinta tun da likitanta ya daina aikin gwamnati ya koma na kuɗi zalla.

A 2022 BBC ta bi asibitocin haƙori dubbai a faɗin Birtaniya tana tambaya, ta samu tara cikin goma na masu aikin NHS ba su ɗaukar sabon babba, takwas cikin goma ba su ɗaukar sabon yaro. A Fabrairun 2024 kuma da aka buɗe wani asibitin haƙori a unguwar St Pauls da ke Biristol, mutane ɗaruruwa suka yi layi a titi cikin sanyi don a rubuta sunansu kawai, har sai da 'yan sanda suka zo kula da layin, kai ka ce layin takin gwamnati ne da damina ta kama. Har labarin masu cire haƙorinsu da filaya a gida sai da jaridu suka yi ta bugawa, a Ingila hwa, ba a ƙauyen Kangiwa ba.

Mi ya kawo haka? Likitocin da kansu kwangilarsu da NHS ta 2006 suke zargi. Tun daga lokacin ba a biyan likita kan yawan aikin da ya yi a bakinka, maki ake ƙirga mishi, dubawa maki ɗaya, ciko maki uku, hula maki goma sha biyu, kuma shekaru da yawa wanda ya cike rami ɗaya da wanda ya cike ramuka biyar a baki ɗaya kuɗinsu guda, sai 2022 aka ɗan gyara wannan. Sannan kowane shago an yanka mishi yawan makin da zai yi a shekara, in ya ƙare ba ƙari, in ya gaza a karɓe kuɗin. To ka sa kanka a matsayin likita, sabon mutum ya shigo wanda bai taɓa zama kujerar likitan haƙori ba, bakinshi cike da aiki, wannan asara ce gare ka. Shi ya sa wanda ya fi buƙata shi ne ya fi wahalar samun shiga. Ni ban ɗora laifin duka kan likitocin ba, su ma suna da haya da albashin ma'aikata, amma ban yarda a ce wanga tsari adalci ne ba. Kuma wani abin takaici, akwai likitocin haƙori da suka zo daga Najeriya da Indiya da Pakistan suna nan suna aikin kula da tsofaffi, suna jiran gurbin jarrabawar da za ta ba su lasisin aiki, ga marasa lafiya na jira ga likitoci na jira.

Bambancin da ke tsakanin mai biya da mai jiran gwamnati ba a ranar ciwo yake farawa ba, tun a dubawar da ake yi lokacin da ba abin da ke damunka yake farawa. Mai hali yana biyan wani abu duk wata ga shagon, su da kansu za su turo mishi saƙo lokacin dubawa ya yi, a ga ɗan baƙin ɗigo tun bai zama kogo ba a cike shi cikin minti kaɗan, a kankare dattin da ya daskare a gindin haƙori kafin dasashi ya fara jini. Wanda bai da shi kuma sai ya jira har dare ya gagare shi barci, kunci ya kumbura, sannan a gan shi a matsayin gaggawa, kuma a wannan matakin sau da yawa cirewa ce ta rage. Mai kuɗi na tsufa da haƙoranshi, talaka na rasa su ɗaya bayan ɗaya, cikin gari guda. Yara ma abin bai bar su ba duk da su kyauta ne a takarda, ruɓewar haƙori ce kan gaba wajen kwantar da yara 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibitocin Ingila, a sa musu maganin barci a cire haƙora da yawa lokaci guda, kuma 'ya'yan unguwannin talakawa ne suka fi yawa ciki.

Ba zan ce maka gida ya fi ba, ka san halin da muke ciki. Mu can mutum bai zuwa wurin likitan haƙori sai kanumfari ya gaza, ruwan gishiri ya gaza, maganin kemis ya gaza, wasu har ruwan batir suke ɗigawa a ramin, Allah shi kiyaye, wasu kuma mai cirewa a kasuwa suke ba bakinsu da ƙarfen da ba a dafa ba. Na ƙauye kuwa kafin ya ga likitan haƙori sai ya yi kuɗin mota zuwa babban gari. Kuma ba banza ba aka gina asibitin ciwon noma na yara a Sakkwato tun 1999, ciwon da ke farawa daga dasashi ya cinye fuskar yaro mai fama da yunwa. Amma kai da ke Argungu, mai ilimi, da Birnin Kebbi kusa da kai da asibitin tarayya da na Sir Yahaya, ga asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato mai sashen haƙori, kana da abin da ba za ka samu da sauƙi a nan ba, wato ka tashi da safe ka je ka yanki kati a gan ka cikin kwanaki. Abin da za ka kashe a naira a gyara maka baki gaba ɗaya, in ka buga shi da canjin yau, da wuya ya kai kuɗin haƙori ɗaya a wurin masu zaman kansu na nan, inda kashe jijiyar turmi da sa mishi hula ke cin ɗaruruwan fam. Ka tuna kuɗin makarantar nan daga shinkafar fadamar Baba aka haɗa wani sashe nasu, kuma bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a sati lokacin karatu, ga haya ga abinci ga kuɗin wuta da sanyi.

To ka je tun da sauran wata biyu ko uku kafin jirgi, kada ka bari sai satin tafiya. Ka ce a duba baki duka ba wancan turmin kaɗai ba, a yi hoto, a yi wanki, duk inda ke son ciko a cike, in akwai na cirewa a cire da wuri don wurin ya warke kafin ka hau jirgi. Ka roƙi likitan ya rubuta maka abin da ya yi, ka ɗauki hoton takardar a waya.

In ka iso kuma, satin da kake rajistar GP ka fara neman likitan haƙori, tun ba abin da ke maka ciwo. A shafin NHS na intanet akwai wurin da za ka sa lambar unguwarku ya nuna maka na kusa, amma kada ka dogara da abin da shafin ya ce, ka buga waya da kanka, ka sa sunanka a duk jerin jiran da ka samu. Haƙori ba kamar GP ba ne da sai na unguwarku, ko a wani gari ka samu wuri za ka iya zuwa, akwai 'yan uwa da ke shiga jirgin ƙasa don haka. In Allah ya sa an ɗauke ka, kada ka kuskura ka ƙi zuwa ranar da aka ba ka, kuma kada ka ɓace shekaru, cire sunanka za su yi a ba wani. Kafin a taɓa bakinka ka tambaya a fili, wanga aiki na NHS ne ko na kuɗi, nawa ne, a rubuta maka, don shago ɗaya na iya haɗa maka biyun ka ga lissafi ya yi tsalle. In garin da za ka akwai jami'a mai koyar da likitancin haƙori ka bincika, wasu na karɓar mutane ɗalibai su yi musu aiki kyauta ƙarƙashin malamansu, yana ɗaukar lokaci amma aikin na da kyau.

Sai maganar waɗanda aka yafe wa biya, don nan ma yaranmu na faɗawa rami. Yaro ƙasa da 18, da wanda bai kai 19 ba yana makaranta, da mace mai ciki ko wadda ta haihu cikin wata 12, su ne kyauta, da masu karɓar wasu tallafin gwamnati wanda kai bizarka ba ta ba ka ba. Zama ɗalibin jami'a kaɗai bai sa a yafe maka, kada wani ya ce maka ka sa hannu a wurin da ke cewa ba ka biya, suna bincikawa kuma tara ce har fam 100 ban da kuɗin aikin. Akwai fom mai suna HC1 na masu ƙaramin ƙarfi, ka cike da gaskiya, in sun ga ka cancanta su rage maka ko su yafe. In kuma makarantarka a Sikotilan take to dokarsu daban, dubawa kyauta ce ga kowa, wanda bai kai 26 ba ma aikin duka kyauta ne, sai dai can ma sai ka samu mai ɗaukarka.

In ciwo ya taso da dare ba ka da likita, lambar NHS ta 111 za ka kira, su ne ke nemo gurbin gaggawa, kuma kuɗinshi daidai yake da na dubawa. GP ba ya taɓa haƙori, zai ce ka nemi likitan haƙori ne kawai. Kemis na nan ba ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta don ciwon haƙori sai da takardar likita, farasitamol ma fakiti biyu kawai shago zai sayar maka. Kuma dan Allah kada ka ce za ka cika jaka da magunguna daga gida saboda haka, musamman irin su tiramadol, wannan a filin jirgi babbar magana ce. Amma in kumburi ya fara gangarowa wuya ko ya hau ido, ko haɗiya da numfashi na maka wuya, to wannan ba na jira ba ne, sashen gaggawa na asibiti kai tsaye ko ka kira 999.

Asuwaki akwai shi a shagunan 'yan Pakistan da Somaliya, ka ci gaba da abinka, amma ka haɗa da buroshi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, in ka goge ka tofar kawai kada ka kurkure da ruwa. Abin da na ga yana lalata haƙoran ɗalibanmu shi ne aikin dare, mutum na tsaye a sito ko gidan tsofaffi yana kurɓar lemun gwangwani mai sa kuzari da biskit da shayi mai sukari har asuba, alawa da cakulan kuma sun fi 'ya'yan itace arha, ka yi hattara da wannan sosai.

Ka turo mini sunan garin da jami'ar take, in tambayi 'yan uwa da ke can ko akwai shagon da ke ɗaukar sababbi yanzu. In ka je an duba turmin ka gaya mini abin da likita ya ce. A gaida su Baba da Inna da mutanen gida duka.