Zuwa ga ɗana, a kan fitar da na Allah tukuna

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin ka karɓi albashinka na farko. Allah ya sa albarka. Kana tambaya me ya sa mahaifiyarka ta nace ka fitar da zakka kafin ka taɓa komai, alhali wayarka ta mutu, har ka ce in ka bari sai ƙarshen wata ai Allah ba ya jin yunwa. Ka ba ni dariya, kuma ba ka yi ƙarya ba. Zabura ta 50 ma ta faɗa, ko da yana jin yunwa ba mu zai gaya wa ba, duniya duka tasa ce.

To, al'adar ba don ciyar da shi ba ce. Tun zamanin Musa an umarci Isra'ilawa su kawo nunan fari, wato abin da ya fara nuna a gona, tun ba su san yadda sauran za su kasance ba. Mai ba da ragowa ya riga ya ƙoshi, ya ga abin da ya rage. Mai ba da na fari kuwa yana cewa ne, "Na dogara gare ka da sauran."

Ka buɗe littafin Haggai, sura biyu ne kawai. Yahudawa sun komo daga Babila, sun aza harsashin Haikali, sai aiki ya tsaya shekaru da yawa. Ba cewa suka yi ba za su gina ba, cewa suka yi lokaci bai yi ba tukuna, suna kuwa ta gyara nasu gidajen. A shekara ta biyu ta sarautar Dariyus, sarkin Farisa, wato 520 kafin haihuwar Almasihu, annabin ya ce musu sun zama kamar mai zuba ladansa a jaka mai huda. Ni na san wannan jakar. Ina saurayi na ce bari in sayi rediyo, in fitar da na Allah daga baya. Ranar ashirin ga wata na zazzage aljihu a kan gado, ba abin da ya faɗo sai rasit. Ban taɓa ce wa Allah a'a ba, "anjima" kawai nake ce masa.

Amma kada ka ɗauka ambulan ɗin zakka ita ce duk maganar. Akwai shekara biyu da ban taɓa fashin zakka ba, kuma a cikinsu ko gaisuwa ba ma yi da mahaifinka, saboda wata magana da yau ina jin kunyar tunawa. Ran nan aka karanta Matiyu 5, inda Yesu ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Ambulan na hannuna, gumi ya jiƙe ta. Ba da kuɗi ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba a kan in ce masa "ka yafe mini". Ashe son zuciyata na sa gaba, na lulluɓe shi da ibada.

Masu cewa ka ba da ɗaya Allah ya ninka maka goma kuwa, ka yi hattara da su. Wannan ciniki ne, mai ciniki kuwa ribarsa yake nema. A lambun Getsamani, kafin a gicciye shi, Ubangiji Yesu ya faɗi abin da yake so a fili, a ɗauke masa ƙoƙon wahalar, sannan ya miƙa wuya ga nufin Uba, kuma ba a ɗauke ba.

Son waya ba zunubi ba ne, ka saya in hali ya yi. Amma ka fara kai tsohuwar wurin mai gyara, ƙila batir ne kawai. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, kada kuma ka gaya mata zancen rediyon nan.

Baffanka.