Zaɓen Ƙaramar Bindigar Gasa da Gyara Ta: Amsoshin Tambayoyinku

Malam, wata shida ke nan ina zuwa kulob ina harbi da bindigar aro, yanzu ina son in mallaki tawa. Wasu sun ce in fara da ta iska, wasu sun ce ɓata lokaci ne, in nemi mai harsashi kai tsaye. Wa zan bi? Kuma wane kamfani ya fi?

Ƙanena, ka fara da ta iska, kuma kada ka ji kamar an mayar da kai aji ɗaya. Harbin mita 10 da ƙaramar bindigar iska yana cikin wasannin Olamfik tun gasar Seoul ta 1988. A tsaye ake yin sa, da hannu ɗaya, harbi 60 cikin minti 75, kuma da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 11.5 ne kacal. Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu, wanda ya ci zinare huɗu a Olamfik, maki 594 cikin 600 ya samu a 2009 ya kafa tarihin duniya. Shi ma bai cike ba.

Abin da ya sa nake son ta ga mai koyo shi ne ba ta rufa wa mutum asiri. Ƙwayar darmarta tana fita a hankali, wajen mita 150 a daƙiƙa, don haka duk motsin da yatsanka ya yi a lokacin sakin harbi sai ya fito a takarda. Mai harsashi kuwa tana da ƙara, tana da zillo a hannu, sai mai koyo ya ɗora wa waɗannan laifin kuskuren da shi ya yi. Idan hannunka ya zauna a mita 10, komawa mita 25 da harsashin .22 ba zai ba ka wahala ba, har ma gasar sauri da ake harbin allo biyar cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4. Wanda ya fara daga can ya dawo nan ne yake shan wuya.

Maganar kamfani kuma, sunayen da za ka riƙa gani a layin manyan gasa ba su da yawa: Steyr na Ostiriya, Morini na Suwizalan, Walther da Feinwerkbau na Jamus, da Pardini na Italiya. Ɗauki kowace daga cikinsu ka ɗaure ta a maɗaurin ƙarfe yadda ba za ta motsa ba, ka yi harbi goma, za ka tarar da huda ɗaya ce ta ɗan yi faɗi. Ke nan dukkansu sun fi ni da kai saiti. Bambancinsu a hannu yake: wata nauyinta ya rinjaya wajen baki, wata ya taru kusa da yatsu, wata mariƙinta ya kwanta sosai har sai ka karya wuyan hannu ƙasa, wata kuma a miƙe yake. Hoto ba zai gaya maka wannan ba. Ka roƙi abokan kulob kowa ya ba ka tasa ka yi harbi goma sha biyar, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka lura da wadda hannunka bai gaji da ita ba a harbi na ƙarshe, domin a harbin farko kowace daɗi gare ta.

Kafin kuɗi su bar hannunka, ka je wurin shugabannin kulob da hukumar da ke ba da lasisi a inda kake. Dokar mallaka ta bambanta ƙasa-ƙasa, kuma akwai inda ta iskar ma sai da takarda.

Ni mace ce, hannuna ƙarami ne. Na sayi bindiga mai matsakaicin mariƙi. Bayan harbi talatin sai tafina ya fara ciwo, kuma duk ɗagawar da zan yi sai in ga bakin ya karkata hagu. An ba ni shawarar in sassaƙe katakon. In yi?

'Yar'uwa, ajiye magagarin tukuna. Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a yau, domin mariƙi ne kaɗai wurin da jikinki ya haɗu da bindigar, kuma katakon da aka kankare ba ya dawowa.

Fara da wannan gwajin, da bindigar da kika tabbatar babu komai a cikinta, bakinta yana fuskantar inda aka yarda. Ki tsaya yadda kike tsayuwar harbi, ki riƙe, ki rufe ido, ki ɗaga hannu, sannan ki buɗe. Ina saitin gaba, wato ɗan tsinin da ke bakin bindiga, ya tsaya a cikin tsagar saitin baya? Ki sauke, ki saki mariƙin gaba ɗaya, ki sake riƙewa, har sau goma. Idan sau takwas hagu yake tafiya, mariƙin ne. Idan kuwa yanzu hagu, anjima dama, to riƙonki ne bai zauna wuri ɗaya ba, kuma babu sassaƙar da za ta magance wannan.

In ya tabbata mariƙin ne, akwai matakai biyu kafin sassaƙa. Yawancin bindigogin gasa na yanzu suna da ƙananan sukurori a inda mariƙi ya haɗu da gangar jiki, waɗanda ake juyawa da alanki a karkata shi hagu ko dama, sama ko ƙasa. Akwai kuma ɗan allon da gefen tafi yake zama a kai, wanda ake matsar da shi sama ko ƙasa. Ki ɗaga shi har hannu ya shiga cif, amma ba matsewar da za ta tare jini ba. Ki tuna hannu yana ɗan kumbura da zafi, yana motsewa da sanyi, saboda haka mariƙin da ya yi miki daidai da safe zai iya matse ki da rana.

Mataki na biyu shi ne ki tambayi kanki ko girman ne gaba ɗaya bai dace ba. Alamarsa a yatsan harbi take. Ya kamata gaɓar farko ta yatsan ta kwanta a kan kunama a miƙe, ta ja ta baya kai tsaye, sauran yatsan kuma kada ya taɓa katako ko kaɗan. Idan sai kin miƙa kafin ki kai, to daga gefe kike turawa, kuma ga mai harbi da dama wannan turin hagu yake kai bakin bindiga. Ina zargin nan matsalarki take. Ana iya matso da kunamar baya a kan 'yar sandarta. In hakan bai isa ba, ki sayi ƙaramin mariƙi. Kamfanonin bindigar suna yin su girma-girma, kuma akwai masu sana'ar mariƙi zalla irin su Rink da Nill a Jamus.

Sai bayan duk wannan ne sassaƙa. Ki yi harbi ashirin, ki buɗe tafinki ki duba. Inda ya yi ja, nan katako ya yi tudu. Ki sa alama da fensir, ki rage kaɗan da samfefa, kamar kaurin takarda, ki koma filin harbi. Inda kika ji rami tsakanin fata da katako, ki cike da ƙullin cike katako, ki rufe hannunki da siririyar leda ki riƙe har ya ɗauki siffar tafinki. Nauyin bindiga a kan yatsan tsakiya yake zama, matsi kuma daga gaba zuwa baya ne, babban yatsa kwance kawai yake ba ya danna komai. Akwai iyaka biyu da dokar hukumar harbi ta duniya, ISSF, ta sa: dole wuyan hannu ya kasance a sake ana ganinsa, babu wani ɓangaren mariƙi da zai tallafe shi, kuma dole bindigar iska ta shiga akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗi 200, zurfi 50. Mutane sukan yi ta liƙa ƙulli a gefe har kaurin ya wuce 50 ɗin ba su sani ba.

Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a lokaci guda, ki rubuta shi a littafi da kwanan wata, ki ba shi mako biyu. Wanda ya taɓa mariƙi da kunama da saiti a rana ɗaya, ko makinsa ya hau bai san wanne ya taimake shi ba, in ya faɗi kuma bai san wanne zai mayar ba.

Ni bahago ne. Zan samu wadda ta dace da ni, ko in koyi da dama?

Za ka samu, mariƙin hagu kawai za ka nema, kuma ka faɗa tun wajen saye. Hannu kuwa yana koyon abin da aka koya masa. Károly Takács na Hungari gurneti ya lalata masa hannun dama a 1938, ya koma harbi da hagu, ya ci zinare a Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952.

Ina jin kunamar bindigata ta yi tauri. Zan iya sassauta ta? Kuma mai lantarki ta fi ta ƙarfe?

Akwai ƙasan da ba a wucewa: giram 500 ga ta iska, giram 1,000 ga ta mita 25. Wajen binciken kayan gasa za a tsayar da bindigar bakinta sama, a rataya dutsen awo a kan kunama, a ɗaga a hankali. In ta faɗa, ba ta ci ba, kuma sau uku kawai ake gwadawa. Bayan gasa ma ana zaɓar wasu a sake aunawa, wanda tasa ta kasa sai a soke sakamakonsa. Na ga matashin da ya saita tasa a kan 500 cif, ya yi harbi mafi kyau a rayuwarsa, dutse ya taɓa kunama ta faɗa. Ya tsaya yana kallon alƙalin, bai iya cewa komai ba. Har yau abin yana taɓa ni. Ka bar rara, ka sa ta wajen 520 ko 530, domin ƙarfin sifirin ɗin kunamar yana canzawa da yanayi.

Taurin da kake ji kuwa sau da yawa daga rabon nauyin yake. Ja biyu ne a kunamar gasa: na farko mai tafiya, sai ka iso wani ɗan tsaiko, sannan na biyu da ke sakin harbi. Idan aka tara yawancin nauyin a na biyu, sai ka ji kamar bango kake turawa. Ka mayar da kaso mafi yawa zuwa na farko, misali 380, ka bar 140 a na biyu, jimillar tana nan amma yatsa ya huta. Kada ka rage na biyu har ka daina jin tsaikon, domin daga nan tsoron kunama yake farawa. Sukurun da ke riƙe haƙorin sakin harbi kuma ka bar wa ƙwararren mai gyara. In aka rage shi fiye da kima, bindiga tana iya tashi da kanta wajen rufewa.

Mai lantarki, irin ta Morini CM 162EI, tana ba da ja iri ɗaya kullum, kuma tana da daɗin atisayen harbi ba ƙwaya. Ta ƙarfe ba ta neman batir. An ci zinare da kowace. In ka ɗauki mai lantarki, kada jakarka ta rabu da sabon batir.

Sabuwa ta fi ƙarfina. Me zan duba a ta hannu?

Ta hannu mai kyau ta fi sabuwa mara suna, don waɗannan bindigogi suna daɗewa. Fara da tukunyar iska. Bar 200, wato awon matsin iska, ake cika yawancinsu, kuma akwai kwanan wata a jikinta, shekara goma ne wa'adinta. In ya ƙare, ka lissafa kuɗin sabuwa a cikin ciniki. Cika ta, ka bar ta kwana biyu, ka ga ko allurar agogon ta sauka, domin robobin toshe iska suna bushewa. Duba kan sukurori: in sun cinye, an sha wasa da cikinta. Ka tabbatar har yanzu ana samun kayan gyaranta, kuma takardun mallaka su bi ta hanyar da doka ta ce. Iska tsabtatacciya kaɗai ake sa mata, daga famfonta ko tukunyar masu nutso. Kada iskar oksijin ko man inji su kusanci bakin cikawar.

Na ga Yusuf Dikeç na Turkiyya ya ci azurfa a Paris ba tare da tabarau na musamman ba, hannu a aljihu. To sayen tabarau ɗin asara ne?

Dikeç yana da shekara 51 a lokacin, kuma gasar Olamfik ɗinsa ta biyar ke nan. Shi da Şevval İlayda Tarhan suka ci azurfar a harbin haɗin gwiwa na mita 10 a 2024. Abin da ka gani shekaru ne na sanin idonsa. Hannu a aljihu kuwa yawancin maharba haka suke yi, don kafaɗar da ba ta aiki ta zauna.

Ga abin da ya kamata ka auna. Tsakanin saitin baya da na gaba akwai wajen santimita 35, allo kuma yana mita 10, wato ninki 28 ko fiye. In saitin gaba ya goce da milimita 0.3 a cikin tsaga, kaurin gashi uku ko huɗu, ƙwayar za ta kauce da fiye da milimita 8, kuma milimita 8 ne tsakanin da'ira da da'ira. Goma ta zama tara. Saboda haka ido a kan saitin gaba yake tsayawa, allon kuma a bar shi ya yi dishi-dishi. Doka ba ta yarda da madubin hangen nesa ko jan ɗigo a jikin bindigar ba, sai saitin ƙarfe. In kana ganin gefunan saitin gaba tar har harbi na sittin, riƙe kuɗinka. In yana narkewa, musamman ga wanda ya haura arba'in, je wurin likitan ido da awon nisan da ke tsakanin idonka da saitin gaba idan ka miƙa hannu, ya yanka maka gilashi na wannan nisan. Ɗaya idon kada ka runtse shi, ka sa ɗan mayafi mai shigar da haske wanda faɗinsa bai wuce milimita 30 ba.

Wace ƙwaya zan saya?

Mai faffaɗan kai, ta milimita 4.5, wadda ke huda takarda tsaf a ga maki sosai. RWS, H&N da JSB duk suna yin ta gasa. A jikin gwangwanin za ka ga 4.49 ko 4.50, ka gwada biyun, wadda bindigarka ta fi tarawa wuri ɗaya ka sayi gwangwani da yawa masu lambar bugu ɗaya. Wadda ta faɗi ƙasa ko gindinta ya lanƙwashe ka ware ta, kuma ka wanke hannu da sabulu bayan kowane zama, darma ce.