Babanta ya ce ta daina fita, ya zan yi?

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ina da 'ya kurma shekararta 16, tana zuwa koyon ɗinki a bayan layinmu, to akwai wani mai adaidaita kullum sai ya tsaya ta hau kyauta har ya fara kawo mata turare, babanta ya ce kawai ta daina fita ni kuma wallahi tausayinta nake ji don ɗinkin nan shi ne farin cikinta. Wata uwa daga Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ni dai ban goyi bayan kulle ba gaskiya, don yawanci masu cutar da yara irin taki ba baƙi ba ne, maƙwabci ne ko ɗan gida ko mai aikowa da saƙo, kuma abin da suke taƙama da shi shi ne ai ba za ta iya faɗa ba, ko ta faɗa ma waye zai gane. To nan za ki fara gyarawa. Ki zauna da ita ku biyu da maganar hannu, ki nuna mata inda ba wanda ya isa ya taɓa a jikinta ko kawunta ne ko malami, ku ware alama ɗaya tsakaninku mai nufin "an taɓa ni". In hannun naki bai kai ba ki roƙi wata malama a makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki ta taya ki, kunya ba ta da amfani a nan.

Mai adaidaitan kuwa babanta ya tare shi ido da ido, a mayar masa da turarensa, a rubuta lambar kekensa a gabansa. Ta riƙa tafiya da ƙawa, ki rataya mata usur a wuya tunda ihu ba lallai ya fito ba, waya kuma ko 'yar ƙaramar Nokia ce ta iya tura tes.

In Allah ya kiyaye wani abu ya faru, kar a yi mata wanka kar a wanke kayan, a wuce cibiyar Waraka ta nan Kano mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi. Sannan a kai ƙara, lauyoyin mata na FIDA suna tsayawa irin wannan, kuma ki dage a kawo mata tafinta ta yi bayani da hannunta.