Aikin tsani ko aikin turke? Amsoshin wasiƙunku na wannan mako

Wasiƙun makon nan kusan duk na 'yan kwamfuta ne da suka gama bautar ƙasa, aka miƙo musu aikin farko suna juya shi. Na zaɓi huɗu.

"Malam, na karanta kimiyyar kwamfuta, wata huɗu ke nan da gama bautar ƙasata. Wani ƙaramin kamfani a Abuja mai ja wa ofisoshi kebul da saka kyamarorin tsaro ya ba ni aiki kan naira 130,000. Ni burina tsaron intanet ne. Abokaina sun ce in na shiga jan kebul, a nan zan tsufa. Ko barci ba na iya yi." Daga Zariya.

Ƙanena, kwantar da hankalinka, abin bai kai na hana barci ba. Fara da biro da takarda. Wanda ya saba da alawus na naira 77,000 zai ga 130,000 kamar ya haye, amma Abuja ba Samaru ba ce. In ba ka da ɗan uwan da zai ba ka wurin kwana, Mararaba ko Suleja za ka nufa, a karɓi hayar shekara gaba ɗaya har da na dillali, sannan kullum ka biya mota zuwa da dawowa. Ka san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ka tambaye su: 130,000 ɗin nan kafin a cire haraji da fansho ne, ko bayan an cire? Dokar fansho ta 2014 ta ce kashi 8 daga albashinka, kashi 10 daga kamfani. In suka hau kame-kame, ka samu amsarka.

Batun abokanka kuwa, a cikinsu wa ya taɓa ɗaukar wani aiki? Ba mai damƙa tsaron netwok ga wanda bai taɓa ganin yadda netwok ke lalacewa ba. Yaron da ya yini cikin silin a zafin Afrilu yana neman dalilin da hawa na biyu ba intanet, ya tarar ɓera ne ya ci kebul, ko firinta da kyamara ne suke rigima kan adireshin IP ɗaya, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, ya fi mai satifiket biyar da bai taɓa riƙe abin matse kan kebul ba. Abin da za ka bincika shi ne inda hannunka zai riƙa taɓawa. Za a bar ka ka saita rauta da suwic, na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna da kuma intanet, ko ɗaukar tsani da haƙa bango kaɗai ne rabonka? Akwai wani a samanka da ya fi ka sani, ko kai ne za ka zama oga tun ranar farko? In akwai mai koya maka kuma lissafin ya bar maka ɗan abin ajiyewa, karɓi. Ka ba kanka shekara ɗaya da rabi, da dare ka riƙa gwaji da Packet Tracer, manhajar koyon haɗa netwok da kamfanin Cisco ke bayarwa kyauta, kana tara kuɗin jarrabawar CCNA, wato satifiket ɗin Cisco na ƙwarewa a harkar netwok.

"Na samu aiki zan fara wata mai zuwa. Ina so in ci bashi in sayi MacBook don kada a raina ni a ofis." Daga Kano.

Raini ai shi ne mai bin ka bashi ya tare ka a ƙofar ofis. Albashin farko bai shigo ba ka riga ka raba shi? Tambayi kamfanin ko suna ba da kwamfuta. In ba sa bayarwa, leƙa Beirut Road ka nemi ta hannu mai ƙwari, irin ThinkPad T480, EliteBook 840 G5 ko Latitude 7490, da RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, 16GB, da SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri. Kada ka sayi wadda furosesa ɗinta, wato ƙwaƙwalwar sarrafawa, ya gaza Intel zubi na 8, domin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar mafi yawan tsofaffin. Sitikar Core i7 da ke jiki ba hujja ba ce, ana liƙa ta. Kunna kwamfutar a gaban mai shago ka duba da idonka, ka buɗe Command Prompt, wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport ka ga abin da ya rage wa batirin.

"Malam, kamfanin da ya ɗauke ni ya ce in biya naira 40,000 na horo, in ajiye musu asalin takardar digirina da ta bautar ƙasa, in sa hannu ba zan tafi ba sai bayan shekara uku. Sun kuma ce akwai wanda zai samo mini satifiket na CCNA ba sai na zauna jarrabawa ba. Ina ganin ko ba komai tsani ne." Daga Kaduna.

Wannan turke ne, Malam, har igiyar sun ce kai za ka saya. Masu bin wannan fili sun san nan ne ciwona, to ku yi haƙuri yau ma sai na faɗa.

Mai neman ma'aikaci shi ke biya. Duk wanda ya ce kawo kuɗin fom, kuɗin horo, kuɗin katin shaida ko na gwajin asibiti a asusun wani mutum kafin ka fara, to cinikinsa ke nan, kai ne hajar. Ka zauna ka lissafa: mutum ɗari su biya 40,000 kowanne, miliyan huɗu ke nan, ba a ja ko taku ɗaya na kebul ba. Abin da ke ba ni takaici, yaran da ake yi wa wannan su ne masu burin kare bankuna daga 'yan damfara. Kuɗin kuma sau da yawa na mahaifiya ne, adashi ta ɗauka ko akuya ta sayar. Minti biyar ya isa ka shiga shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ka duba ko sunan yana nan. Samun sunan ma ba ya wanke su, amma rashinsa ya gama magana.

Asalin takardunka kuwa, a gani a ɗauki hoto a mayar maka, iyakarta ke nan. Takardar sallamar bautar ƙasa in ta ɓata ba a sake buga maka wata, sai dai wasiƙar tabbatarwa. Ranar da aiki mafi kyau ya fito aka ce kawo asali a intabiyu, wa za ka je ka durƙusa wa? Ban ce duk yarjejeniyar zama haramun ba ce. In kamfani ya biya maka kwas na gaske, yana da haƙƙin ya ce ka zauna shekara ɗaya ko biyu, amma a rubuce: ga sunan kwas, ga abin da aka kashe, ga abin da za ka mayar in ka tafi da wuri, kuma yana raguwa da tafiyar watanni. Naka kai ka biya horon, kai kuma aka ɗaure. Ina aka taɓa haka?

Sai satifiket na jabu, wanda ya fi komai ɓata mini rai. Jarrabawar CCNA, mai lamba 200-301, dala 300 ce, ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE ake zaunawa, kuma bayan shekara uku sai an sabunta. Cisco na da hanyar da mai ɗaukar aiki zai tantance ko naka na gaske ne. Na taɓa zama cikin masu yin intabiyu a wani ofis, wani matashi ya shigo da kwat da fayil mai kauri, satifiket a saman. Abokin aikina ya tura masa kwamfuta ya ce, "Nuna mana adireshin IP na wannan." Na'urar sanyaya ɗaki na aiki, amma gumi har kan takardun. Da bai kawo wannan takarda ba ya ce yana koyo, wallahi da mun ɗauke shi a ƙaramin matsayi. Ƙaryar ce ta fitar da shi. Masu haddace tambayoyin da aka sato ma jirgi ɗaya ya kwaso su, bambancin kawai sun biya dala 300 kafin su ji kunya. Kai kuwa na Kaduna, ka gode wa kamfanin nan, ka kama gabanka da takardunka a hannu.

"Yaya, an ba ni aikin kula da kwamfutoci a wata cibiyar jarrabawar JAMB a garinmu. Albashin kaɗan ne, kuma iyayena ba za su bar ni in tafi Legas ko Abuja ba. Ina jin kamar an bar ni a baya." Daga Katsina.

Ƙanwata, ba wanda ya bar ki. Ɗakin da ke da kwamfuta sama da ɗari biyu a kan netwok ɗaya, da saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, da janareta, da ɗalibai masu kuka in allo ya ɗauke, makaranta ce babba. Ba haya, ba kuɗin mota mai yawa, tuwon gida na jiran ki. Abu biyu kawai za ki tabbatar: za a biya ki a watannin da ba jarrabawa, kuma za a ba ki takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da matsayinki, don dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce cikin wata uku. Ki sayi ɗan littafi, duk matsalar da kika warware ki rubuta ranar da yadda kika yi, shi za ki buɗe ranar intabiyu. In shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, na horar da matasa fasahar zamani, ya buɗe sabon zagaye ki nema, kyauta ne. Ki gaishe da su Baba, ki kuma rubuto mini bayan jarrabawar farko in ji kwamfuta nawa suka ƙi tashi.