Amsa ga mai tambaya kan sawun kad na USB da ya ƙi fitar da kiɗa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce ka sayi sawun kad na USB, wato ɗan akwatin da ke fitar da sauti daga laftop zuwa miksa, ka jona shi da laftop, fitilarsa ta kama, amma VirtualDJ, manhajar kiɗanka, bai fasa fitar da kiɗa ta 'yan sifikun laftop ba. Ranar kuma da ka samu kiɗan ya bi ta miksa, sai wani ƙugi ya cika manyan sifiku. Na ga wasu har sun yanke hukuncin cewa jabu aka sayar maka. Dakata tukuna, kar ka mayar da shi kasuwa. Na daɗe ina jan kayan sauti zuwa gidajen biki da walima, kuma matsalolin nan biyu duk sun taɓa ba ni kunya a gaban jama'a.

Windows da manhajar kiɗa kowa da nasa zaɓin. Yawanci da ka soka sawun kad, Windows kan koma kansa da kanta. Shi kuwa VirtualDJ yana da nasa wurin saiti, kuma yakan riƙe na'urar da aka ba shi a baya. Ka shiga Settings ɗinsa, ka taɓa Audio, a layin Master ka zaɓi akwatin naka, sannan ka danna Apply. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin ba lallai ne ka ga sunan da ke jikin kwali ba. Behringer UCA202, alal misali, da sunan USB Audio CODEC yake fitowa. Ni kaina na taɓa ɓata rabin yini ina neman sunan kamfani a jerin, alhali abin yana gabana.

Ka riƙa jona akwatin kafin ka buɗe manhajar, ba bayan ka buɗe ta ba. Kuma ka ware masa rami ɗaya a jikin laftop, kullum nan. Ƙananan sawun kad ɗin nan idan ka sauya musu rami, Windows na iya ɗaukarsu a matsayin sabuwar na'ura, ta maƙala lamba 2 a gaban sunan, saitinka na jiya ya tashi a banza. Nawa ramin har ɗan jan salatif na manna masa.

Yanzu ga shawarar da ta fi duk sauran muhimmanci a wurina: kar ka bar Windows gaba ɗayanta ta bi ta sawun kad ɗin. Manhajar kiɗa kaɗai za ka tura can.

Da tsada na koyi wannan. Wani daren dina ne, an rage kiɗa ƙasa-ƙasa, ƙawaye sun jeru a bakin ƙofa za a shigo da amarya, zauren ya yi tsit. Sai wani abokin ango ya lallaɓo ta bayana da filash, wai ga waƙar da ango ke so, bai jira na ce komai ba ya soka a laftop. Ɗan sautin nan da Windows ke yi idan an jona sabon abu, wanda a ɗaki ko kula shi ba ka yi, shi ya fashe ta sifiku huɗu. Wata dattijuwa da ke kusa da sifika sai da ta saki salati. Ban gama farfaɗowa ba saƙon WhatsApp ya shigo, shi ma kowa ya ji.

Tun daga ranar, ga yadda nake yi. Ina mayar da babban zaɓin Windows kan sifikun laftop, in rage su ƙasa. Manhajar da ke da nata wurin zaɓi, kamar VirtualDJ ko VLC, sai in saita ta daga cikinta. A VLC yana ƙarƙashin Audio, sannan Audio Device. Wadda ba ta da shi, kamar Chrome idan za ka kunna wani abu daga YouTube, Windows na ba ka damar ware mata hanya. A Windows 10 ka danna alamar sifika da ke kusa da agogo da maɓallin dama, ka buɗe saitin sauti, ka gangara zuwa App volume and device preferences. A Windows 11 sunan wurin Volume mixer. Ka fara kunna wani abu a manhajar tukuna, in ba haka ba wani lokaci ba za ta fito a jerin ba.

Sai batun ƙugi. Kafin ka kashe ko sisi, yi wannan gwajin: bar komai a kunne, ka zare cajar laftop. Idan ƙugin ya ɗauke nan take, to sawun kad ɗinka lafiyarsa lau. Abin da ke faruwa shi ne laftop da miksa kowanne yana da hanyarsa ta zuwa layin ƙasa, wayar sauti kuma ta haɗa su, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ne wannan gurnanin mai kauri da kake ji. A kan janareta ma za ka ji yana hawa yana sauka tare da numfashin injin.

Magani mafi araha, ka jona laftop da miksa da amfilifaya a soket ɗaya. Idan akwatinka da miksarka duka suna karɓar wayar TRS, mai zobe biyu baƙaƙe a kan jak, ko XLR mai ƙafa uku, yi amfani da su maimakon 'yar ja da fara, wadda da ta yi tsawo take kwaso hayaniya. Idan duk bai yi ba, nemi akwatin DI, wanda ake sawa tsakanin sawun kad da miksa, mai maɓallin Ground Lift da ke yanke wannan zagayen wutar. Za ka samu masu ce maka ka karya ƙafa ta uku ta fulogi. Ƙugin zai iya tafiya, amma wannan ƙafar ce ke tsare ka ranar da wuta ta zubo a jikin ƙarfe, kuma makirufo a bakin mutum yake. Ban yarda da wannan dabarar ba ko kaɗan.

Ka duba kuma ramin da ka shiga a miksa. Na Line ake so, ba na makirufo ba. Wanda ya shiga na makirufo, ko ba ƙugi sautin zai fashe.

Idan nan gaba ka ji kiɗa na tsinkewa ko yana ƙaraf-ƙaraf, kar ka haɗa sawun kad da had dis (hard disk) a kan abin rarraba USB marar wutar kansa, domin ramin USB 2.0 miliyamfiya 500 kawai yake bayarwa. Ka kashe USB selective suspend a saitin wutar laftop. Idan kamfanin akwatinka yana da direban ASIO, wato 'yar manhajar da ke rage jinkirin sauti, sauke shi daga shafinsu, ka sa Buffer, wato yawan gutsuren sautin da ake tarawa kafin a fitar, a 512. A kan 44,100, wato yawan gutsuren sauti a daƙiƙa ɗaya, jinkirin bai kai milisakan 12 ba, ba mai rawar da zai lura. Masu ɗaukar murya a sutudiyo ne ke buƙatar ƙasa da haka. Lambobin nan na 192,000 da ake bugawa a kwali kuwa, yawancin waƙoƙin da ke filash ɗinmu a 44,100 suke, ba abin da za su ƙara maka a filin biki.

Yi gwajin cajar yau, ka gaya mana abin da ka ji. Ka kuma ɗauko hoton bayan akwatin da na saman miksar ka saka a nan, in ga irin ramukan da kake da su kafin ka je sayen waya.